Yadda Ake Ɗora Sufacaja a Kan Tsohon Inji Mai Kafireto

Sufacaja famfo ce ta iska da injin yake juyawa da bel. Aikinta ta cusa wa silinda iska fiye da wadda fistin zai iya zuƙa da kansa, a haɗa da fetur daidai gwargwado, sai ƙarfi ya ƙaru. Nauyin iskar da ke kewaye da mu a bakin teku 14.7 psi ne (psi ma'aunin matsi ne). Idan ka ƙara 6 ko 7 psi a kai, lafiyayyen inji yakan samu ƙarin ƙarfi na kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kuma a wasu nau'o'in sufacaja za ka ji shi tun daga ɗan taɓa totur.

Ɗaure ta a kan inji ba shi ne wahalar ba, wanda ya iya riƙe sifana zai gama. Injunan da na ga sun buga bayan wannan aiki, kusan dukkansu abu biyu ne ya kashe su: fetur ya yi kaɗan a lokacin da matsi ya hau, ko kuma wuta ta riga lokacinta. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan kafireto da tayimin, wato saitin lokacin wuta, na wuce wasu wuraren da sauri. Misalaina na injin V8 ne na Chevrolet 350, wato mai girman inci kubik 350, domin shi aka fi yi wa wannan aiki, amma dokar ɗaya ce ko a ƙaramin injin MGB ko Volkswagen.

Kayan da za ka tanada

- Sufacaja da manifol ɗinta, fuli biyu, bel, da abin ɗame bel. Mafari ya sayi cikakken saiti da aka ƙera don injinsa, kada ya tsinto ɗaya-ɗaya.
- Kafireton da aka shirya don matsi, ko kayan gyara wanda kake da shi, da akwatin jet, wato ƙananan kafofin da fetur ke bi a kafireto, masu lamba daban-daban.
- Famfon fetur mai ƙarfi, abin daidaita matsin fetur, sabuwar filta, da tiyon fetur mai faɗin inci 3/8 ko fiye.
- Geji uku: na matsin iska, na matsin fetur, da na auna gamin iska da fetur, wanda ake ɗaura masa sansa a bututun salansa.
- Gejin auna matsin silinda, fitilar tayimin, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da miƙaƙƙen ƙarfe na duba layi.
- Sababbin fulogi, gasket, baƙin mai da filtarsa, tsummoki masu tsabta.
- Tukunyar kashe gobara, a ajiye inda hannu zai kai.

Idan kuɗi ya gaza, rage wani abu amma kada ka rage gejin gamin iska da fetur. A da da launin fulogi da kunne ake saiti, kuma an yi asarar fistin ba adadi. Yanzu da abin yake samuwa, ban ga hujjar yin aiki a makance ba.

1. Fara auna lafiyar injin

Ɗumama injin, cire fulogi duka, buɗe totur gaba ɗaya, ka auna matsin kowace silinda. Bambancin babba da ƙarama kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Idan wata ta faɗi, zuba mata ɗan baƙin mai ka sake aunawa: in ta tashi, ringi ne ya ci, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan inji. Duba matsin baƙin mai ma, ana so a samu kamar 10 psi a kowane juyi 1,000 na inji a minti idan ya yi zafi.

Injin da yake hayaƙi, ko yake shan baƙin mai, ko yake zafi tun yanzu, a sauke shi a gyara tukuna. Sufacaja ba ta warkar da inji, ciwon da yake ɓoye ma fito da shi take yi. Kuma baƙin mai da ke shiga ɗakin wuta yana rage juriyar fetur, ya jawo ƙwanƙwasa, wato fetur ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a hankali.

2. Yi lissafin matsi kafin ka sayi komai

Kowane inji yana da adadin yadda fistin yake matse iska, misali 8.5 zuwa 1. Raba matsin da kake so da 14.7, ƙara 1, ka ninka da wannan adadi. Inji mai 8.5 da matsin 6 psi zai ba ka kusan 12. Inji mai 9.5 da matsi iri ɗaya zai kai 13.4. Da fetur mafi kyau na gidan mai, wato mai oktan (ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa) 91 zuwa 93 a ma'aunin Amurka, ko 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai, a tsaya a wajen 12.

Nan tsofaffin motocin Amurka na tsakiyar shekarun 1970 suka yi sa'a, domin yawancinsu an ƙera su da 8 zuwa 8.5, daidai abin da sufacaja take so. Masu zafin shekarun 1960, waɗanda suke da 10 ko 11, sai an canja musu fistin ko kan inji. Fistin na asali, na zubi, yana jure 5 zuwa 6 psi matuƙar babu ƙwanƙwasa. Wanda yake son fiye da haka ya sa fistin na ƙira, ya kuma buɗa bakin ringin sama, domin zafi yana kumbura ringi, bakinsa ya haɗe, ya ɓalle kan fistin.

3. Zaɓi tsari: kafireto kafin sufacaja, ko bayanta

Tsari na farko shi ne kafireto ya zauna a bisa sufacaja, ta zuƙo iska da fetur tare ta tura cikin inji. Haka ake yi da nau'in Roots, mai dunƙulallun ƙarafa biyu da ke juyawa cikin juna. 'Yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, su suka ƙirƙiro ta a Indiyana, aka yi mata rajista a 1860, don hura wutar narka ƙarfe. Shahararriyar 6-71 da ake gani ta leƙo ta saman bonet asalinta ta injin dizal na Detroit Diesel ce. Ga motar hawa ta yau da kullum, ƙanana irin Weiand 142 ko 177 sun isa. Wannan tsari yana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma bai da yawan tarkace, amma yana da tsawo, sai ka auna tsakanin inji da bonet da kyau.

Tsari na biyu shi ne sufacaja mai fanka, irin Paxton, Vortech ko ProCharger, wadda ake ɗaurewa a gefen inji kamar janareto, ta hura iska ta cikin kafireto. Ba sabon abu ba ne: Studebaker Golden Hawk ta 1957 da irinta ta McCulloch ta fito daga kamfani. Tana shiga ƙarƙashin bonet ba yanka, ana iya sa mata na'urar sanyaya iska, sai dai ƙarfinta sai inji ya hau yake zuwa, kuma aikin fetur ɗinta ya fi yawa.

Gargaɗi: kada a sa na'urar sanyaya iska mai dogon bututu a tsarin farko. Abin da ke bi ta ciki iska ce gauraye da fetur, zai taru a bututu, ranar da inji ya yi tari sai ya fashe.

Ni dai ga mafari tsarin farko nake zaɓa, da matsin 5 ko 6 psi. Idan motar tana da daraja, kada ka yanka bonet ɗin asali, nemo wani ka yanka, ka adana duk abin da ka cire a kwali.

4. Gyara hanyar fetur tun daga tanki

Inji mai sufacaja da ke ba da ƙarfin doki 400 yana iya shan kusan lita 150 a awa idan an take shi ƙarshe. Tsohon famfo da siririn bututu mai tsatsa ba za su kawo wannan ba. Wanke tanki, canja filta, sa bututu mai faɗi. A tsarin farko ana so matsin fetur ya tsaya a 6 zuwa 7 psi, kada ya faɗi ko da an take totur ƙasa.

A tsari na biyu akwai tarko. Iskar da ake hurawa tana shiga har cikin kwanon fetur na kafireto. Idan famfo yana tura 7 psi, iska kuma tana turo 6 psi, saura 1 psi kaɗai ke shigar da mai, kwano ya bushe daidai lokacin da inji ya fi bukata. Maganinsa abin daidaita matsi wanda yake ƙara 1 psi na fetur a kan kowane 1 psi na iska, da famfon lantarki da zai iya kai 13 psi da fiye ba tare da ya gaji ba, da bututun mayar da rarar mai tanki. Siririn tiyon da yake gaya masa matsi daga hular kafireto, wato murfin da bututun sufacaja yake shigo da iska ta cikinsa, ake jawo shi, ba daga manifol ba. Duk famfon lantarki a haɗa shi da makunnin da zai kashe shi idan inji ya mutu.

5. Sauke tsohon manifol, ɗora sabo

Cire kan batir. Juya inji har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a bugun matsi, yi wa dilko alama, sannan ka zare shi. Zubar da ruwan lagireto, sauke kafireto da manifol, toshe kowace kafa da tsumma kafin ka fara kankare tsohon gasket. Ƙirga tsummokin, ka sake ƙirgawa lokacin cirewa.

Ɗaure sabon manifol daga tsakiya zuwa gefe, sau biyu ko uku, kana ƙara ƙarfi a hankali. Gwada dilko tun yanzu, domin mai babban kai sau da yawa yana karo da bayan sufacaja, sai an nemo ƙarami.

Yanzu ɗora sufacaja a kan gasket ɗinta, busasshe, ba gam. Notinta ba sa son ƙarfi, yawanci wajen 10 ft-lb ne a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, amma bi takardar da ta zo da ita. Jikinta alminiyam ne, tazarar da ke tsakanin ƙarafan ciki da bango kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ɗaure a gicciye, kuma bayan kowane zagaye ka kama fuli ka juya da hannu. Ya kamata ta juya sumul, kana jin iska tana fita fuf-fuf. In ka ji ta cije a wani wuri, ko tana gurzar bango, sassauta ka sake. Duba man giyar da ke hancinta. Idan mai fanka ce wadda take shan baƙin man inji, sai an huda kwanon mai an sa bututun dawowa sama da inda mai yake tsayawa, ya gangaro ba lanƙwasa.

6. Fuli da bel

Raba faɗin fulin karanshaf da na sufacaja, ka san sau nawa take juyawa. Inci 7 a ƙasa da inci 3.5 a sama yana nufin ninki biyu: inji na juyi 6,000 a minti, ita tana 12,000. Kowace tana da iyakar da kamfani ya sa mata. Fara da babban fuli a sama, wato ƙaramin matsi.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun, su zama layi ɗaya. Bel mai haƙora ana bar masa ɗan sako-sako idan inji yana sanyi, don zafi zai ɗame shi. In ka ɗame shi tun da sanyi, hancin karanshaf da boris ne za su biya. Baƙar ƙura a kusa da fuli alama ce bel yana sulɓewa ko layi ya karkace.

7. Kafireto da ƙananan tiyo

Nan ne aikin yake. Girman kafireto a tsarin farko: ninka girman inji a inci kubik da juyinsa mafi yawa a minti, raba da 3,456, sannan ka ninka da matsin da kake so a raba da 14.7 a ƙara 1, kamar a mataki na 2. Inji 350 a juyi 5,500 da 6 psi yana neman wajen 780 cfm, wato yawan iskar da kafireto ke wucewa da ita a minti, don haka mai lamba 750 ko 800 ya yi.

Kafireton Holley yana da wani ɗan bawul na ƙarin fetur. Zuƙar inji ce take riƙe shi a rufe; idan ka take totur zuƙa ta faɗi, sai ya buɗe ya ƙara mai. To a tsarin farko, sufacaja tana ci gaba da zuƙa a ƙarƙashin kafireto ko da manifol ya cika da matsi. Bawul ɗin sai ya zaci tafiyar sannu ake yi, ya zauna a rufe, inji yana ihu yana neman mai babu. Wannan ɗan abu da bai kai girman babban yatsa ba ya narkar da fistin da yawa. Gyaransa a toshe kafar da ke ƙasan kafireto, a huda wata a gefe, a jawo tiyo zuwa manifol a ƙarƙashin sufacaja. Ana sayar da kafireto da aka riga aka yi wa haka. Idan ba ka samu ba kuma ba ka da mai hudawa, cire bawul ɗin ka sa murfin toshiya, ka ƙara jet da lamba 6 zuwa 8. Motar za ta sha mai a cikin gari, fulogi ya riƙa baƙi, amma inji zai tsira.

Sauran tiyo, kowanne da wurinsa. Na dilko, mai ƙara wuta da zuƙa, manifol zai tafi a ƙarƙashin sufacaja. In ka bar shi a jikin kafireto zai ƙara wuta a tsakiyar matsi, wanda shi ne abin da ake gudu. In kana shakka, cire shi ka toshe har ka gama saiti. Gejin matsi ma a manifol. Na shaƙar hayaƙin cikin inji a gindin kafireto, inda kullum akwai zuƙa. Na birki a tabbatar yana da bawul mai hanya ɗaya mai aiki.

A tsari na biyu kuwa, fulot ɗin tagulla mai rami a ciki dole ya fita. Matsi yana lotsa shi ya koma a kwance, ya daina tashi, mai ya yi ta ambaliya. A sa na roba mai tauri wanda ba shi da rami. Sandar totur a sa mata abin hana yoyo, in ba haka ba fetur zai riƙa fesowa ta gefe a kan inji mai zafi. A sa bawul mai sakin iska tsakanin sufacaja da kafireto, don ya saki matsi idan ka ɗaga ƙafa. Kuma duk tiyon da ke zuwa manifol yanzu zai ga matsi, a ɗaure bakinsa da ƙulli.

Ko wane tsari ne, fara da jet manya. Mai ya ɗan yi yawa, yawanci fulogi ne zai ɓata.

8. Ja wuta baya

Cakuda mai matsi tana ci da sauri, don haka wuta ba ta bukatar riga fistin da yawa. Chevrolet 350 ba sufacaja yana son jimillar digiri 34 zuwa 36, wato yadda wuta take riga fistin kaiwa ƙololuwa idan inji ya hau. Da 6 psi, fara a 28, wasu ma a 26. Abin da aka saba shi ne a rage digiri 1 zuwa 2 a kan kowane psi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a murɗa dilko baya kawai. Jimilla za ta sauka, amma wutar sulo ma ta sauka, mota ta yi nauyin tashi, ta riƙa zafi a cunkoso. Abin da ya dace a bar wutar farko, wato ta sulo, a 12 zuwa 16, a taƙaita tafiyar nauye-nauyen cikin dilko masu ƙara wuta yayin da inji ke hawa. Wanda ya fi sauƙi shi ne akwati irin MSD 6-BTM, wanda yake jan wuta baya da kansa yayin da matsi yake hawa. Kafin ka yarda da fitilar tayimin, tabbatar alamar da ke jikin fulin karanshaf gaskiya take faɗa, domin a tsofaffin injuna zoben waje yakan zame a kan robarsa.

Fulogi a sa masu sanyi, wato masu saurin zubar da zafi, da mataki ɗaya ko biyu, a rage bakinsu zuwa inci 0.030 ko 0.035, don matsi yana hana tartsatsi tsallake baki mai faɗi.

9. Tayarwa ta farko

Cika ruwa da baƙin mai. Kunna famfo ba tare da tayar da inji ba, bi kowace mahaɗa da yatsa kana neman danshi. Sa matatar iska kafin ka tayar, kuma kada kowa ya leƙa bakin kafireto. Kada ka yi ta famfa totur, mai ya taru a cikin sufacaja. Da ya tashi, saita wuta, saita sulo, bar shi ya yi zafi, kashe, ka sake bin noti bayan ya huce.

10. Gwaji

In akwai na'urar dayino, mai auna ƙarfin inji, kusa, can ya fi. In babu, nemi hanya marar cunkoso da mutum na biyu wanda idonsa zai zauna a kan geji. A tafiyar sannu gamin iska da fetur ya zauna wajen 14 zuwa 14.7, wato kashin iska a kan kashi ɗaya na fetur; lamba tana hawa, fetur yana raguwa. Da matsi ya shigo, ya sauka zuwa 11.5 ko 12. Idan ya haura 12.5 a cikin matsi, ko matsin fetur ya fara faɗuwa, ɗaga ƙafa nan take.

Sannu ba ta hana zuwa: taka ka kai 2 psi ka saki, duba, sannan 4, sannan ƙarshe, kowanne na 'yan daƙiƙu. Buɗe taga ka kasa kunne. Ƙwanƙwasa tana ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani, amma salansa mai ƙara da kukan bel suna iya rufe ta, don haka bayan kowane gwaji zare fulogi biyu ko uku ka duba a rana. Farin tangaran ɗin ya zama mai tsabta ko ruwan ƙasa-ƙasa. Ɗige-ɗige baƙaƙe a jikinsa alamar ƙwanƙwasa ce. Idan kuwa ɗigon yana ƙyalli kamar azurfa, fistin ne ya fara narkewa. Rage wuta digiri 2 ko 3, ƙara jet, ka sake auna matsin silinda kafin ka ci gaba. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta. Saitin da aka yi da sanyin safiya a sake gwada shi da tsakar rana, domin iska mai zafi ta fi saurin kawo ƙwanƙwasa.

Abin da ke bayan inji

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma hancin sufacaja yakan cinye wurin fanka. Lagireto mai kauri da fankar lantarki sukan magance wannan. Kuloci na asali zai iya fara sulɓewa a babbar giya, giya mai canja kanta kuma tana son na'urar sanyaya mai. Motar da ke da birkin ganga a ƙafa huɗu, a mayar da na gaba na faifai kafin a fara jin daɗin totur. Ka sanar da kamfanin inshora, ka kuma bincika dokar ƙasarka, don a wasu wurare sai an sake duba motar.

Bayan tafiyar farko mai ɗan nisa, canja baƙin mai, ka shinshina wanda ya fito. In yana warin fetur sosai, saitin sulo da na tafiyar sannu sun yi mai da yawa. Sake bin notin manifol da na kafireto, duba bel. Sai motar ta yi makonni fulogi yana fitowa da tsabta sannan a yi maganar ƙaramin fuli, kuma duk psi ɗaya da ka ƙara, ka koma mataki na 2, na 7 da na 8 ka sake lissafi da saiti.